Tofin da ya tsallaka babi

Da farce jami'in kwastan ɗin ya ɓare takardar tofin, ya karya shi gida biyu, ya ɗaga ɓari ɗaya sama yana dubawa kamar mai sayen zinare. A tsakiyar farin tofin akwai wani siririn zare mai ruwan ƙasa, kaurinsa bai kai tsinken ashana ba. Sai ya miƙo mini.

"Hajiya, wannan fa?"

Na ce, "Ɗanɗano ne kawai, ranka ya daɗe. Tofin madara ne, an ɗan ratsa masa cakulan a ciki don yara."

Bai tanka ba. Ya juya kwalin, ya ɗora yatsa a kan jerin kayan haɗi, ya bi layi a hankali har ya tsaya a kan wata kalma. Ejan ɗina, mai yi mini aikin fitar da kaya daga tasha, da ke tsaye a bayana ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ni kuwa har lokacin ban san an yi ɓari ba, murmushi ma nake yi. Wannan zaren, da wata kyauta da ban roƙa ba, su suka ƙara wa kwantenata kwana 16 a tashar jiragen ruwa.

Shekara tara na yi ina sarin alawa da cingam a hannun masu shigo da kaya kafin zuciya ta raya mini cewa ni ma zan iya. Kuma da farko ba alawa ce a raina ba, sukari ne. Lissafina mai sauƙi ne: alawa sai yara sun so, sukari kuwa babu gidan da ba ya shiga. Na je wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin kwastan da ya yi ritaya yake ba 'yan kasuwa shawara, na faɗa masa burina. Sai da ya gama dariyarsa tukuna ya ce, "'Yata, sukari ba kayan ƙananan 'yan kasuwa ba ne. Kayan gwamnatoci ne."

Daga baya na gane abin da yake nufi. Da wuya ka sami ƙasar da ta bar sukari ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Amurka tana da wani tsari na ƙayyade adadi: akwai yawan da aka yarda ya shigo da haraji kaɗan, an raba wa ƙasashe kowa da rabonsa, abin da ya haura wannan kuwa sai a lafta masa harajin da zai sa mai kaya ya gwammace bai kawo ba. Tarayyar Turai ta daɗe tana ƙayyade wa manomanta yawan da za su samar, ba ta janye wannan ba sai a ƙarshen Satumbar 2017, kuma duk da haka ba ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ga sukarin waje ba. Indiya, wadda take cikin manyan masu noman rake, ta taƙaita fitar da nata tun 2022 don kada ya yi tsada a gida. Barazil ce kan gaba wajen sayar wa duniya, kuma yawancin abin da take lodawa a tashar Santos ɗanye ne, jirgi guda cur, ba buhu ɗari biyar irin nawa ba.

Kalmar "ɗanye" ɗin nan ma ba da ido ake gane ta ba. Ni a zatona ɗanyen sukari shi ne mai ruwan ƙasa, tatacce kuma fari. A wurin kwastan ba haka ba ne. Akwai na'urar da ke auna tsarkin sukari da haske, idan awon ya gaza 99.5 to ɗanye ne, idan ya kai ko ya wuce ya fita daga wannan layin. Wannan ɗan bambancin kuɗi ne masu yawa, domin ƙasashen da ke da matatun sukari sukan sassauta wa ɗanyen su tsananta wa tataccen, don aikin tacewa ya tsaya a gida. Wanda yake son shigo da farin sukari a ƙunshe, shirye don kanti, shi ne a ƙarshen layi, kuma a wurare da yawa sai da lasisi na musamman wanda ba a ba kowa. Na duba hannuna, na duba sukari, na koma kan alawar da na sani.

A wannan zaman ne dattijon, wanda nake kira Baba, ya fara nuna mini littafin. Wani ƙaton kundi ne, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Ya ce duk abin da ɗan Adam yake saye da sayarwa a tsakanin ƙasashe, daga raƙumi har allura, yana da lamba a ciki. Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels ce ke kula da tsarin, ana kiransa HS, ya fara aiki a 1988, ana sabunta shi bayan 'yan shekaru, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 suna amfani da shi. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Daga nan kowace ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe sai ta ƙara nata a wutsiya, su zama takwas ko goma, ta rubuta kuɗin fiton da take so a gaban kowane layi.

Babi na 17 shi ne namu, kuma ɗan ƙarami ne, kanu huɗu kacal. 1701 sukarin rake da na wata saiwa da ake nomawa a ƙasashen sanyi. 1702 sauran dangin sukari, irin su gulukos da sukarin madara da zumar da ba ta ƙudan zuma ba. 1703 baƙin ruwan da ke saura bayan an tace sukari. Sai 1704, alawa, wadda aka raba biyu: cingam a 1704.10, duk sauran a 1704.90. Na kwafe wannan a bayan wata ambulan, na ce ai shi ke nan, na gama karatu. Baba ya ce in tsaya ya karanta mini bayanan da ke saman babin, na ce ina sauri, wani jiƙon. Da na zauna na minti biyar ɗin nan, da wannan labarin bai samu ba.

Kamfanin da na yi ciniki da shi yana kudancin Turkiyya, ƙasar da ta yi suna wajen alawa da biskit. Kwantena ɗaya na cika, mai ƙafa 20: alawar tsinke, alawar roba mai siffar 'ya'yan itace, cingam iri biyu, tofi, da 'yan kwalayen wefa mai rufin cakulan. Kafin a loda komai sai da na sha zirga-zirgar takardu a gida. Rajistar kamfani da lambar biyan haraji ba su ba ni wahala ba. Inda na ji jiki shi ne hukumar kula da ingancin abinci, domin ba kwantena suke yi wa rajista ba, kowane nau'in kaya da nasa fayil. Na kai samfur, na kai hoton takardar da aka naɗe kowace alawa da ita, suka duba harshen da aka yi rubutu da shi, da ranar yi da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa, da kowane launi da aka zuba.

A da ina ganin wannan duk neman wahalar da mutane ne. Yanzu ra'ayina ya sauya, ko da yake har gobe ina ganin ana iya yin sa cikin rabin lokacin da ake ɗauka. Alawa kusan duk launi ce da ƙamshi, kuma cikin yara take tafiya. Abin da wata ƙasa ta yarda da shi wata ta hana. Akwai wani farin sinadari, E171, da ake sa wa alawa da cingam don su yi haske, Tarayyar Turai ta haramta shi a abinci a 2022, alhali wasu ƙasashen suna ci gaba da amfani da shi. Amurka ba ta yarda a shigo da ƙwan cakulan ɗin nan na Kinder Surprise ba, saboda dokarta ta hana ɓoye abin da ba a ci a cikin abin da ake ci. Singafo kuma tun 1992 ta hana shigo da cingam, sai daga baya ta ɗan sassauta wa na magani. Ni abin da ya fi damuna shi ne alawar roba, domin abin da ke sa ta danƙo daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, kuma sau da yawa na alade ne. Ban biya ko sisi ba sai da kamfanin ya aiko mini da shaidar halal da bayanin cewa na shanu ne.

Jirgi ya tashi daga Mersin. Takardu suka riga shi isowa: takardar farashi, jerin abin da ke cikin kowane kwali, takardar lodin jirgi, shaidar ƙasar da aka yi kayan, shaidar lafiya, da sakamakon gwajin kamfani. A takardar farashin, gaban kowane layi ban da wefa, an rubuta 1704. Wefar an sa mata 1905.32, na yi mamaki na tambayi ejan, ya ce haka ne, wefa da biskit ko an yi musu wanka da cakulan suna nan a gidan kayan gashi. To tunda kamfanin ya san wannan, sai na ɗauka ya san komai. Ejan ma bai buɗe jerin kayan haɗin ba, ya kwafe lambobin yadda suke ya shigar a kwamfuta. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne, kuma a idon doka mai shigo da kaya ne ke da alhakin abin da aka bayyana, ba wanda ya sayar masa ba.

Ga wani wurin da lissafina ya karye tun kafin a buɗe kwantena. Ni a kan kuɗin kaya na yi lissafin fito. Ashe a yawancin ƙasashe ana haɗa kuɗin kaya da kuɗin jirgi da inshora ne, abin da ake kira CIF, a kan jimlar ake yanka haraji. 'Yan ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ostireliya ne ke cire kuɗin jirgin. Sannan harajin VAT ba a kan kuɗin kaya yake hawa ba, a kan jimlar da aka riga aka ɗora wa kuɗin fito yake hawa, wato haraji a kan haraji. Bari in ba da misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane. A ce kaya na dala 20,000 ne, jirgi 3,000, inshora 200, kuɗin fito kashi 20 cikin 100, VAT kashi 10. Mai lissafi irin nawa zai ware 6,000 ya kwanta barci. Amma jimlar da za a yi aiki da ita 23,200 ce, fito ya zama 4,640, VAT kuma a kan 27,840 ya zama 2,784. Abin biya 7,424 ke nan, tun ba a zo kan ƙananan kuɗaɗen tasha da na kamfanin jirgi da ladan ejan ba.

Sun kuma ɗan ja ni a kan farashin. Kamfanin ya yi mini rangwame saboda na biya gaba ɗaya tun kafin lodi, sai farashin kwali ya fito ƙasa da abin da suka saba gani. Jami'ar da ke duba ƙima ta ce in kawo hujja. A nan kam na yi sa'a, domin ban taɓa yarda da shawarar masu cewa a rubuta takardar farashi biyu ba, ɗaya ta gaskiya ɗaya ta kwastan. Na kai mata shaidar banki da wasiƙun da muka yi musaya da kamfanin tun daga tayin farko. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan ƙimar kaya ta ce abin da aka biya da gaske shi ne tushe, sai an kasa tabbatar da shi ake komawa ga farashin kaya iri ɗaya, sannan makamantansu, har zuwa hanya ta shida. Ta karanta, ta buga hatimi. Wuni ɗaya wannan ya ci.

Kwamfuta ce ke zaɓar wanda za a buɗe wa kaya. Wasu su faɗa layin kore su wuce, wasu a duba takardunsu kawai, wasu kuma layin ja, a sauke kaya a gani da ido. Sabon mai shigo da kaya, kuma kayan abinci, ba sai an yi duba ba, ja na samu. Ranar binciken tun da sassafe muna tsaye a filin. Aka duba lambar hatimin ƙarfen da ke ƙofar, ta yi daidai da ta takarda, aka datse shi. Da aka buɗe sai wani zazzafan ƙamshin sitiroberi da na'ana'a ya bugo mu, har leburorin suka yi dariya. Aka fara sauke kwalaye ana jerawa, jami'in yana zaɓa yana yankawa da 'yar wuƙa. Alawar tsinke ta wuce. Ta roba ta wuce. Sai aka zo kan tofi.

Kalmar da yatsansa ya tsaya a kai ita ce garin koko, wato kokon da ake cakulan da shi. Kashi 2 cikin 100 aka rubuta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kashi biyu fa. Sauran 98 ɗin sukari ne da madara da mai."

Ya ce, "Ko rabin kashi ne, Hajiya. Wannan ba ɗan babi na 17 ba ne."

Da yamma na koma gidan Baba da ɓarin tofin a naɗe cikin hankici. Bai ce mini ai na faɗa miki ba, kuma na gode masa da wannan. Ya jawo littafin, ya buɗe wurin da na ƙi tsayawa. Bayani na farko a saman babin ya ce wannan babi bai ƙunshi alawar da ke da koko ba, tata lambar 1806 ce, a babi na 18. Shi kansa kan 1704 cewa ya yi alawar da babu koko a cikinta. Ba a faɗi yawa ba, ba a faɗi kaɗan ba. Ya ce, "Ƙa'idojin fassara littafin nan shida ne, 'yata, amma ta farko ita ce uwa. Sunan babi ado ne, don sauƙin nema aka sa shi. Abin da ke ɗaure mutum shi ne kalmomin kan da bayanan da ke sama."

Sai ya ƙara da abin da ya sa na yi dariya duk da halin da nake ciki. Ya ce da farin cakulan na kawo, wanda sunansa ma cakulan ne, da yana nan zaune lafiya a 1704, domin da man koko ake yin sa, kuma littafin bai ɗauki man a matsayin koko ba. Wato abin da ake kira cakulan alawa ne, abin da nake kira alawa kuma cakulan ne. Ya ci gaba da lissafo mini irin waɗannan. Mintin maƙogwaro, idan sukari ne da ɗan ƙamshin na'ana'a, alawa ne. Idan aka zuba masa magani na gaske sai ya tashi ya koma babi na 30 wurin magunguna, da dokokinsu da lasisinsu. Zumar ƙudan zuma tana can babi na 4 tare da madara da ƙwai, ta bogi ce ke zaune a 1702. Yana cikin magana sai ya tsaya ya dube ni.

"Kin ce cingam iri biyu kika kawo. Na biyun wane iri ne?"

Na ce, "Marar sukari ne, Baba. Masu ciwon suga da masu kula da haƙora suna nemansa."

Ya rufe littafin a hankali. "To ki shirya. Alawar sukari ba ta yiwuwa babu sukari. Wannan 2106 ne, a babi na 21."

Washegari ban jira sun gano ba, ni na kai kaina na faɗa. Ejan ya so in yi shiru, yana cewa wataƙila ba za su lura ba, na ce masa, "Malam, wanda ya ga zare a cikin tofi ba zai kasa karanta abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba." Ina ganin wannan ya taimake ni daga baya, domin da aka zo rubuta rahoto an ɗauki abin a matsayin kuskure, ba yunƙurin ɓoyewa ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun a wurin kwastan ita ce tazarar da ke tsakanin tara da ƙwace kaya.

Amma da sauran rina a kaba. Tunda an sami saɓani, sai aka ce a sauke kwantenar gaba ɗaya har ƙurya. A can ciki, bayan kwalayen wefa, sai ga wasu fararen kwalaye goma da ban san da su ba, babu su a takardar farashi, babu su a jerin kaya. An manna wa na sama wata 'yar takarda da rubutun hannu, ana yi mini fatan alheri a cinikinmu na farko. Aka yanka ɗaya. Sukari ne mai ƙwaya, fari tas, a ƙananan fakiti masu kyau.

Gabana ya faɗi. Mutumin kirki ne manajan kamfanin, ya ga ɗan wuri ya rage a kwantena ya ce bari ya yi mini ihsani. Amma kwastan ba su san kyauta ba. Abin da ya ƙetare iyaka kaya ne, ko an saya ko an bayar, sai an bayyana shi an yi masa ƙima an biya. Wannan kuwa ba a bayyana shi ba, kuma ba alawa ba ne, 1701.99 ne, tataccen sukari a ƙunshin kanti, ainihin abin da Baba ya ce mini ba na ƙananan 'yan kasuwa ba ne. Ba ni da izinin shigo da shi, ba shi da rajista a hukumar abinci. Sukarin da na gudu na bari, shi ne ya biyo ni har cikin kwantena.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari, kuma babu abin koyo a cikinsu sai haƙuri. An ɗebi samfurin tofi da cingam an kai ɗakin gwaji, sakamako ya ɗauki mako guda ya dawo ya faɗi abin da ke rubuce a jikin kwali. Na rubuta takardar neman gyaran bayani. Kamfanin ya aiko da sabuwar takardar farashi mai lambobin da suka dace, da wasiƙar da ke cewa shi ya sa sukarin ba da sanina ba. Na koma hukumar abinci don a gyara rukunin da aka sa tofin. Kowane tebur yana jiran hatimin teburin da ke gabansa, ranar da wannan yake nan wancan ya tafi taro.

Abin haushin shi ne bambancin kuɗin fito tsakanin layin da na bayyana da layukan da kayan suka koma bai taka kara ya karya ba. Da tun farko na rubuta daidai, da abin da zan ƙara bai kai kuɗin kwali ashirin ba. Tarar ma da sauƙi. Abin da ya cinye ni shi ne kwana. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan sai ya fara cajin kuɗin kwanan kwantenarsa, kuma kuɗin ba tsaye yake ba, yana hawa ne mataki-mataki yadda kwanaki ke ƙaruwa. Tasha ita ma tana cajin kuɗin ajiya nata daban. Ga rana tana dukan ƙarfe tun safe har yamma. Kullum na je sai na ɗora tafin hannu a jikin kwantenar, in ji kamar murfin tukunya, in tuna da wefar da ke ciki. Masu kawo cakulan na gaske a kwantena mai sanyi suke kawowa, ni na ce 'yan kwalaye ne, kuma ba za su daɗe ba.

A cikin wannan zaman jiran ne wata mata da ke shigo da kayan gwangwani ta ba ni labarin abin da ya kamata in sani tun farko. Ashe mutum yana iya rubuta wa kwastan tun kafin ya sayi kaya, ya haɗa da samfur da jerin kayan haɗi, ya nemi su faɗa masa lambar a rubuce, kuma hukuncin da suka bayar ya ɗaure su na wani lokaci. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2017, ta buƙaci ƙasashe su samar da wannan hanya. Ta ce ita ba ta ƙara sayen sabon kaya sai da wannan takardar a jaka. Na tambayi ejan ɗina me ya sa bai taɓa faɗa mini ba, ya sosa ƙeya ya ce mutane ba su cika tambaya ba.

A kan sukarin an ba ni zaɓi: ko in mayar da shi inda ya fito da kuɗina, ko in sallama shi ga hukuma. Kuɗin mayar da kwali goma ya ninka darajarsu sau da yawa. Na sa hannu a takardar sallamawa, na biya tarar kayan da ba a bayyana ba. Ranar da aka ba ni takardar fita, motar ta zo wucewa ta gaban rumbun ajiyar kayan da aka kama, na hango fararen kwalayen a jere a gefe guda, 'yar takardar fatan alherin tana nan manne a jikin na sama.

A sito muka buɗe wefar. Ta narke ta sake daskarewa, kowane fakiti ya zama dunƙule ɗaya, cakulan ɗin ya yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa masa gari. Ba ta lalace ba, amma babu mai kantin da zai karɓa a farashinta, da ƙyar na rabu da ita a rabin kuɗi. Tofin kuwa, wannan mai zaren, shi ya fara ƙarewa. Cikin mako uku babu ko kwali ɗaya, masu saye suna ta waya suna tambayar yaushe wani zai iso.

Na sake yin oda bayan wata huɗu. Wannan karon kafin in yi maganar farashi sai da na sa aka aiko mini da jerin kayan haɗin kowane abu, na ɗauka na kai gidan Baba muka zauna da littafin, layi bayan layi, har da bayanan saman babi. Da manajan kamfanin ya kira don mu kammala, muryarsa cike da fara'a, ta bakin mai yi mana tafinta ya tambaya ko kyautarsa ta iso lafiya.

Na ce ta iso, na gode ƙwarai.

Ya ce madalla, wannan karon ya sa a ware mini kwali ashirin.

Na ce wa tafintan, "Ɗan'uwa, don girman Allah ka faɗa masa da harshen da zai gane sosai. Idan wuri ya rage a kwantenar, ya bar mini iska a wurin."